Sulhu Ba Hukunci Gyaran Gangar Auzinawa Ne

Tun da soja suka koma bariki a 1999 ƙasashen waje ke kawo mana gudummawar sulhu. Madalla. To amma ina sulhun?

Bayan rikicin Kaduna na 2000, masu sasantawa daga majami'ar Coventry ta Ingila sun taimaka har shugabannin addini 22 suka sa hannu a takardar zaman lafiya cikin Agustan 2002. Wata uku tsakani, garin ya sake kamawa da wuta kan gasar sarauniyar kyau. A 2011 kuma tarzomar zaɓe ta ci Zonkwa da Kafanchan, ta taɓa Zariya.

Dalili a fili yake. Kwamitin Oputa, wanda ya binciki zaluncin zamanin soja, ya miƙa rahotonsa a 2002, gwamnati ta danne. Maraya a Tudun Wada ba taron otal yake bukata ba. So yake ya ga wanda ya kashe ubansa gaban alƙali.

Saboda haka duk baƙon da ya zo da kuɗin sulhu, ya fara matsa wa gwamnati ta buɗe rahotanni, a hukunta, a biya diyya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.