Kofin Duniya da Gumin Lebura: Wa Ke Kuka Tsakani da Allah?

Tun daga ranar 2 ga Disamba 2010, da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta ba Katar baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 2022 bayan ta kayar da Amurka da ƙuri'a 14 da 8, kafafen watsa labaran Yamma ba su huta ba, ba su kuma bar kowa ya huta ba. Shekara 12 cur ana abu guda: haƙƙin ɗan Adam, haƙƙin ɗan Adam. Ranar buɗe gasar ma BBC ƙin nuna bikin ta yi a babbar tasharta ta talabijin, ta maye gurbinsa da lissafin laifukan Katar. Matasa da yawa a gidajen kallon ƙwallo suka fusata, suka ce wannan ba komai ba ne illa ƙiyayya ga Larabawa da Musulmi. Akwai gaskiya cikin wannan fushi, amma rabinta ce. Ɗaya rabin kuwa yana kwance a maƙabartun ƙauyukan Nefal da Bangaladesh.

Bari a fara da rabin da ke hannun matasan, domin yana da nauyi.

A watan Satumba 1973 Janar Pinochet ya kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnatin Chile, ya mai da babban filin wasa na birnin Santiyago kurkuku, inda aka tsare dubban mutane, aka azabtar da su, aka kashe wasu. Wata biyu bayan haka aka ce Tarayyar Sobiyet ta je wannan filin ta buga wasan neman gurbi. Ta ce ba za ta taka filin da aka zubar da jini ba. FIFA ta tura wakilai suka leƙa, suka ce fili lafiya ƙalau. Ranar 21 ga Nuwamba 'yan wasan Chile suka fito su kaɗai, suka jefa ƙwallo a ragar da ba mai tsaro, aka ce sun yi nasara. Wanda ya ƙi taka jini shi aka kora daga gasa!

Na Ajantina a 1978 ya fi wannan muni. Sojojin Janar Videla, waɗanda suka ƙwace mulki a 1976, suna ɗauke mutane daga gidajensu cikin dare, ba a sake jin ɗuriyarsu. Ƙungiyoyin kare haƙƙi na ƙasar suna lissafa waɗanda suka ɓace da 30,000. Makarantar sojan ruwa ta ESMA, inda aka tsare kimanin mutum 5,000 kuma ƙalilan ne suka fito da rai, ba ta kai tafiyar kilomita biyu ba daga filin da aka buga wasan ƙarshe. Fursunoni na jin ihun 'yan kallo daga ɗakunan azaba. An samu masu imani a Faransa da Holan da suka yi kiran a ƙaurace, amma ko ƙasa ɗaya ba ta janye ba. Henry Kissinger, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, baƙon Videla ne a gasar, kuma Videlan ne ya miƙa kofi da hannunsa.

Ba kuma wai FIFA ba ta iya ƙwace gasa ba ne in ta ga dama. A 1995 ta ƙwace gasar matasa ta duniya daga Nijeriya da hujjar cutar sanƙarau, ta kai ta, abin mamaki, Katar. A 2023 ta ƙwace irin wannan gasa daga Indonesiya bayan gwamnan Bali ya ce ba zai karɓi 'yan wasan Isra'ila ba. Rasha kuwa ta yi bikinta a 2018 lami lafiya, bayan ta haɗiye Kirimiya a 2014, jiragenta kuma suna ruwan bama-bamai a Siriya tun 2015. Sai da tankokinta suka shiga Yukiren a Fabrairun 2022 sannan aka dakatar da ita, cikin kwana huɗu. Da Falasɗinawa suka kai irin wannan ƙara kan Isra'ila a 2024, sai aka shiga kafa kwamiti ana ɗage zama.

Ga kuma Jamus. Ranar 23 ga Nuwamba 2022 'yan wasanta suka toshe bakunansu a gaban kyamara don an hana su ɗaura ƙyallen goyon bayan masu neman jinsi ɗaya. Kwana shida bayan haka, ana tsakiyar gasa, aka sa hannu a Doha kan cinikin kai wa Jamus iskar gas ta Katar tan miliyan 2 duk shekara har tsawon shekara 15. Baki a toshe, hannu a buɗe. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

To, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Munafuncin mai ƙara ba ya wanke wanda ake ƙara, kuma a nan ne ƙafar ɗan uwa matashi ta zame.

Wa ya gina filayen nan takwas, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da otal-otal, da sabon birnin Lusail? 'Yan asalin Katar ba su kai kashi 15 cikin 100 na mazauna ƙasar ba. Leburori ne daga Indiya, Nefal, Bangaladesh, Pakistan, Siri Lanka, Kenya, Uganda da Gana, da yawansu Musulmi raunana. Mutum ya sayar da gonarsa ko ya ci bashi ya biya dillali, ya sauka Doha da bashi a wuya. A ƙarƙashin tsarin kafala na wancan lokaci zamansa a ƙasar yana hannun uban gidansa: ba ya sauya aiki sai da izninsa, ba ya barin ƙasar sai da izninsa, sau da yawa fasfonsa ma yana aljihun kamfani. In an riƙe masa albashin wata uku, ya yi shiru ko ya gudu, in kuma ya gudu ya zama mai laifi a gaban doka. Ga zafin da kan haura digiri 40.

A Fabrairun 2021 jaridar Guardian ta Ingila ta ce baƙin ma'aikata sama da 6,500 daga ƙasashe biyar na Asiya sun mutu a Katar cikin shekara goma. Adalci ya sa a faɗa cewa wannan adadi ya haɗa kowace irin mutuwa, ba ta wurin ginin filaye kawai ba, kuma wasu sun yi ta yaɗa shi ba tare da wannan bayani ba. Masu shirya gasar sun ce mutum 3 ne suka mutu a bakin aiki a filayen, 37 kuma ta wasu dalilai. Sai ga shugabansu, Hassan al-Thawadi, ya faɗa da bakinsa a Nuwamba 2022 cewa adadin tsakanin 400 ne da 500. Daga 3 zuwa 500! Dalilin wannan ruɗani shi ne akasarin gawarwakin ba a bincike su ba. Saurayi ɗan shekara 30 ya kwanta bai tashi ba bayan wuni cikin rana, a rubuta wai zuciyarsa ce ta tsaya, a sa shi a akwati. Da wannan rubutun iyalinsa suka rasa diyya, bashin dillali kuwa yana nan yana jiran matarsa.

Malcolm Bidali, wani mai gadi ɗan Kenya, ya riƙa rubuta halin da suke ciki da sunan aro. A watan Mayu 2021 aka kama shi, aka tsare shi shi kaɗai kusan wata guda, aka ci shi tara. Wannan ba Bature ba ne, ba kuma giya ko ƙyalle ya je nema ba.

An haɗa maganar lebura da maganar giya da ta ƙyalle a kwano guda, matashi ya ji ƙyama ya kifar da kwanon gaba ɗaya. Wa ya ci riba? Ɗan kwangilar da ya riƙe albashi. Alhali duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya san irin tsananin da Musulunci ya yi kan haƙƙin ɗan ƙwadago, ya kuma san ba a keɓe attajiri daga wannan hukunci don ya gina masallaci kusa da filin wasa ba.

Kuma surutun bai tafi a banza ba. A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta buɗe ofishi a Doha, aka fara soke takardar izinin fita. A 2020 aka yi dokar da ta ba ma'aikaci damar sauya aiki, a 2021 aka fara biyan mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000, aka hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma a watannin zafi. Aiwatarwa ta yi rauni, amma da kowa ya yi shiru don kare mutuncin sarakuna, da ko wannan ba a samu ba. Diyya ce ta gagara. Amnesty da Human Rights Watch sun nemi FIFA ta ware dala miliyan 440 ga iyalan waɗanda aka zalunta, daidai da kuɗin kyautar 'yan wasa. FIFA, wadda ta tara dala biliyan 7.5 a zangon da ya ƙare da gasar, ta sanar da asusun dala miliyan 50 a 2024, shi ma ta hannun manyan hukumomin duniya zai bi, ba gidajen zawarawan ba.

Ranar 11 ga Disamba 2024 aka ba Saudiyya gasar 2034, ba abokin takara, ba ƙirga ƙuri'a, da tafi kawai. FIFA ta ba takardar neman nata maki mafi yawa a tarihi, ta ce haɗarin tauye haƙƙi matsakaici ne. Filaye 15 aka yi alkawari a birane biyar, akasarinsu ba a gina su ba a lokacin, a ƙasar da ke da baƙin ma'aikata sama da miliyan 13 kuma kafala ba ta gama mutuwa ba. Hanyar Jidda ba baƙuwa ba ce ga samarin Kano, Katsina da Damagaram, kuma dillalan biza sun san ƙofar gidajensu. Wannan karon mai ɗaukar siminti a kai ƙila ba ɗan Nefal ba ne, wanda ya zauna kusa da mai karatu ne a sahu ranar Juma'a.