Hasken Leza Bayan Cire Haƙorin Ƙurya: Ina Ya Kamata Kuɗinku Ya Tafi?



Idan kuna da saurayi ko budurwa mai shekara 17 zuwa 25 a gida, wataƙila kun taɓa jin kukan ciwo can ƙuryar baki. Haƙoran ƙarshe ne a jerin turame suke fitowa. Wani nasa yakan fito lafiya, wani kuwa yakan kwanta a karkace cikin ƙashin muƙamuƙi, dasashi ya yi ta kumbura, har likita ya ce sai an yi aiki an cire shi. Bayan aikin akan yi fama da zafi, da kumburin kumatu, da wahalar buɗe baki. Kumburin yakan fi tsanani a rana ta 2 zuwa ta 3, sannan ya fara sacewa cikin mako guda.

A nan ne ake tallata hasken leza mai ƙaramin ƙarfi. Wata 'yar na'ura ce da ake haska jan haske da ita a kan kumatu ko cikin baki na 'yan mintoci. Ba ta yanka, ba ta ƙuna, amma dole a rufe ido da tabarau na musamman. Wani likita ɗan ƙasar Hangari, Endre Mester, shi ya fara lura da tasirin wannan haske a 1967, da ya ga gashin ɓeraye ya fi saurin tsirowa inda ya haska. Masana na ganin ƙwayoyin jiki kan sha hasken, ya ƙara musu kuzarin gyara rauni.

To, yana aiki bayan cire haƙori? An gwada shi a ƙasashe da dama, sakamakon kuma ya saɓa. Wasu gwaje-gwajen sun nuna zafi da kumburi sun ragu, wasu ba su ga wani bambanci ba. Ke nan ƙari ne a kan magani. Ramin haƙori yana warkewa ko ba a haska shi ba.

Wannan magana ta fi shafar ku mutanen Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji. Haƙorin da ya nutse cikin ƙashi aikin ƙwararru ne, shi ya sa akan tura mutum Kano, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda ya taso daga Riruwai, ya ratso dajin Falgore, ya biyo ta Kwanar Dangora, ya san abin da mota ke ci. Idan an ce ku riƙa dawowa don haskawa, ku tambayi kuɗinsa da yawan zuwan tukuna. Idan aljihu ba nauyi, ku fara biyan hoton haƙori kafin aiki, da magungunan da likita ya rubuta, ku kuma ajiye kuɗin motar komawa ko da wani abu zai taso.

Abin da ya fi hasken muhimmanci kyauta ne. Jinin da ya daskare a ramin haƙorin shi ne murfin raunin, idan ya fita ƙashi yakan zauna a buɗe, bayan kwana 3 zuwa 5 a shiga azababben ciwo. Don haka a cije audugar da likita ya sa na kamar rabin awa. A awa 24 na farko kada a kurkure baki da ƙarfi, ko wajen alwala a bar ruwan ya zubo da kansa. A ɗora ƙanƙara cikin tsumma a kan kumatu. Ban da taba, ban da goro, ban da zuƙar lemo da tsinke. A sha koko da ya huce, ko fura da nono. Daga washegari a riƙa kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri. Mai gyambon ciki da mai juna biyu su faɗa wa likita kafin ya rubuta maganin zafi.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: jinin da ya ƙi tsayawa, zazzaɓi, ruwa mai wari daga ramin, ko kumburin da ke gangarowa ƙarƙashin haɓa har haɗiya ko numfashi su yi wuya. Wannan na ƙarshe yana iya toshe maƙogwaro. A nufi asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne, kada a tsaya shafa kanwa ko neman wanzami.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.