Abin Da Girkawa Ke Sayarwa Muna Da Shi A Borno

Daga Wakilinmu na Arewa, Gwange, Maiduguri

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal sun saba ganin tallan kamfanonin shirya tafiye-tafiye, inda ake kiran masu hali su je hutu wani tsibiri a ƙasar Girka. Ga hoton bakin teku fes, ga fararen gidaje a jikin dutse, ga Turawa da jaka a baya suna hawan tudu a ƙasa. Wasunmu kan ce wannan aikin wanda ya rasa yadda zai yi da kuɗi ne. Wasu kuma sai su yi ajiyar zuciya su ce ina ma su ne. A ganina duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki. Abin tambaya shi ne, mene ne Girkawan nan suke sayarwa har mutum ya biya kuɗin biza da na jirgin sama don ya je ya yi tafiyar ƙasa?

Ƙasar Girka mutanenta ba su wuce miliyan 10 da 'yan kai ba, amma a shekarar 2023 baƙin da suka shiga ƙasar sun haura miliyan 30. Ba duka ne ke zuwa manyan otal ba. Akwai masu neman inda babu hayaniya, kamar tsibirin Andiros. Can akwai tsofaffin hanyoyin ƙafa da aka shimfiɗa da duwatsu, waɗanda manoma da makiyaya suke bi daga ƙauye zuwa ƙauye tun kafin zuwan mota. Da mota ta zo sai ciyawa ta cinye su. Masu aikin sa kai ne suka tashi suka share su, suka sa musu lamba da alama don kada baƙo ya ɓata. Yau mutum zai bi hanyar da safe, ya gangara bakin ruwa da rana ya yi wanka, ya ci kifi a wurin mai abincin ƙauye, ya kwana a ɗakin da wani magidanci ya ware don baƙi. A tsibirin Haidira kuwa an hana shiga da mota, jakuna da alfadarai ne ke ɗaukar kaya daga bakin jirgin ruwa.

Watau dai hanyar ƙafa, da jaki, da kifi, da bakin ruwa. Jama'a, a cikin waɗannan wanne ne baƙo a wurin Bahaushe ko Babarbare? Abin da suka fi mu da shi guda biyu ne kawai: baƙo yana tafiya shi kaɗai bai ji tsoro ba, kuma abin da kakanni suka bari an kula da shi. Kada kuma a ɗauka su ba su taɓa ganin tashin hankali ba. Sun yi yaƙin basasa daga 1946 zuwa 1949, soja kuma sun mulke su daga 1967 zuwa 1974. Da ƙura ta lafa ne suka gyara gida suka buɗe ƙofa.

To, mu duba namu. A arewacin Borno ga tafkin Chadi, wanda a shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya sa ya ja da baya ƙwarai. Tsibiran da ke cikinsa sai masunta ne suka san yawansu, kuma bandar Baga da ake kaiwa Anacha da Ikko daga nan take fitowa. A kudu ga duwatsun Gwoza, inda mutane suka gina gonaki hawa-hawa a jikin dutse. Kusa da Biu ga tafkin Tila, zaune a cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta. In aka ƙetara iyaka zuwa Madagali a Jihar Adamawa, ga Sukur, gari a kan dutse mai hanyoyin ƙafa shimfiɗe da duwatsu, irin dai waɗanda ake biyan kuɗi a je a taka a Andiros. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne na farko a Nijeriya. Nan kusa da Maiduguri kuma ga tafkin Alau, inda mutanen gari kan je shan iska da sayen kifi da kayan lambu.

Amma fa gaskiya ɗaya ce. Ba zan ce wa kowa ya kwashi iyalinsa ya nufi duwatsun Gwoza ko tsibiran Chadi ba. 'Yan Boko Haram sun kama Gwoza a watan Agusta na 2014, sai a watan Maris na 2015 soja suka ƙwato ta. A 2014 ɗin sun kai hari Sukur, a Janairun 2015 kuma aka yi kisan Baga da duniya ta ji. Mutane da yawa sun koma garuruwansu, amma dutsen da dajin ba wurin yawon baƙo ba ne tukuna. Jihar da ake wa kirari da gidan zaman lafiya ta rasa babban jarinta, domin baƙo ba ya zuwa inda mai gida ke kwana da ido ɗaya.

Rashi na biyu kuwa ba za a ɗora shi a kan mai bindiga ba. Mutanen Gwange a bakin kogin Ngadda suke, kogin da ke biyowa daga Alau ya ratsa gari. A wata ƙasa unguwar da ke bakin kogi ita ce mai tsada, ana dasa itatuwa ana sa kujeru. A nan kuwa gaɓar kogi ta zama juji da rani, ta zama abin fargaba da damina. An gama madatsar Alau a 1986. A 1994 ruwa ya ci gari. Bayan shekara 30, ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har gidan namun daji na Sanda Kyarimi bai tsira ba. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Ruwan da ya kamata ya jawo mana baƙi shi ne ya kore mu daga ɗakunanmu. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira miliyan dubu 80 don sake gina madatsar. Madalla. Sai dai amincewa daban, gama aiki daban.

Na san wani zai ce mutane na neman abin sa wa a baki, wakilinmu yana zancen yawon shaƙatawa. Amsa ita ce yawon shaƙatawa kasuwa ce, kuma kasuwar talaka. Kuɗin da baƙo ke kashewa a ƙaramin tsibiri ba ya tsayawa a hannun attajiri kaɗai. Mai kwalekwale zai samu, mai gasa kifi zai samu, mai jaki da mai saƙar tabarma da yaron da ya san hanya duk za su samu. Wannan ba sana'ar da sai an kafa masana'anta ba ce. Kuma mu ba sai mun jira Bature ba. 'Yan Arewa da ke Kurmi sun isa su zama baƙin farko. Da can ran Sallah a Ikko Bar Beach ake cika, yara su hau doki su ga teku. Yanzu an cike wurin da yashi ana gina Eko Atlantic, galibin sauran bakin tekun kuma sai ka biya a ƙofa. Ashe son shan iska a bakin ruwa muna da shi, kuɗin ne muke zubarwa a gidan wani.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Shagamu, in an kawo shi gida, daga tasha sai zaure, daga zaure sai gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure, sai a koma. Labarin Borno da ya sani shi ne na bom da sansanin gudun hijira. Wanda bai san ƙasarsa tana da kyau ba, yaya zai yi kishinta in ya girma? Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Saboda haka ga kira. Duk wanda ya zo ganin gida, ya ware yini guda don yaransa, ya tambayi mutanen gari da jami'an tsaro inda hanya take da kyau, ya kai su su ga ruwa da dutse, ya gaya musu sunayen wuraren da ba a iya zuwa yanzu don kada sunayen su ɓace. Ƙungiyoyin 'yan Borno da sarakunan Hausawa na Kudu, waɗanda suka yi karo-karo lokacin ambaliya, kada su tsaya nan. Su riƙa tambayar wakilanmu na majalisa ina aka kwana kan aikin Alau, a rubuce, kuma a kai a kai. Mu kuma na gida, share gaɓar Ngadda da dasa dalbejiya a bakinta ba ya bukatar kwangila. Masu unguwanni da matasan Gwange za su iya farawa, kamar yadda masu aikin sa kai na Andiros suka fara da lauje da fartanya.

Mai hali in ya ga dama ya je Girka, babu laifi, tafiya mabuɗin ilmi ce. Amma in ya dawo kada tsarabarsa ta tsaya a hoto. Ya zo mana da labarin yadda suka gyara hanyar kakanninsu, mu ma mu gyara tamu. Allah Ya maido mana da zaman lafiya, Ya sa 'ya'yanmu su hau dutsen Gwoza ba tare da fargaba ba, amin.