MURYA MA TANA BUƘATAR MALAMI

Yau na ajiye siyasa, wata damuwa ce ta cikin gida ta kawo ni.

Makonni uku ke nan ɗan yayata ba ya iya ɗaga murya. Mawaƙin biki ne, da waƙar yake ci, da ita yake taimakon mahaifiyarsa. Bayan Sallah bukukuwa suka yi masa rubdugu, yau kamu, gobe dina, jibi wuni, har muryar ta dushe. An sha zuma, an sha citta, shiru. Da muka je wajen likitan maƙogwaro, ya leƙa ya ce ɗan ƙulli ne ya fito a tantanin da ke fitar da sauti, irin kantar da fartanya ke yi wa hannun manomi. Dole ya huta. Haka ya mayar da kafin alƙalamin biki biyu yana hawaye.

Likitan ya tambaye shi, "Wa ya koya maka numfashi?" Yaron ya yi murmushi ya ce, "Likita, numfashi ma sai an koya?"

Wannan tambayar ce ta kai ni karance-karance a kan mawaƙan opera. Ba Opera Mini ta waya ba fa! Wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe, ya samo asali a Italiya wajen shekarar 1600. Abin da ya ɗaure min kai: a zaure irin La Scala na birnin Milan, mai cin mutum kusan 2,000, mawaƙi ɗaya zai tsaya babu makirfo, ga makaɗa 60 ko fiye suna ta aiki, amma na kujerar ƙarshe yana jin sa. Kuma ba ihu yake yi ba.

Sirrin yana wurin malamin murya. Shi zai koya maka jawo iska har ƙasan haƙarƙari, ka riƙe ta, ka dinga sakinta kaɗan-kaɗan, maƙogwaro a sake. Zai nuna maka yadda za ka daidaita baki da harshe sautin ya yi amo ya ratsa kiɗa. Zai gaya maka iyakar muryarka, ya hana ka waƙar da ta fi ƙarfinta ko nawa za a biya. Luciano Pavarotti, da duniya ta san muryarsa, ya fara ɗaukar darasi a 1954, bai hau dandalin opera ba sai 1961. Shekara bakwai! Shi ma a lokacin koyon ya taɓa samun irin ƙullin nan, har ya kusa haƙura da waƙa.

Kai, hatta madubin leƙa maƙogwaro, malamin waƙa ne ya shahara da shi. Manuel Garcia, a 1854, ya haɗa ɗan madubin likitan haƙori da hasken rana ya kalli nasa maƙogwaron yana motsi, don kawai ya fahimci abin da yake koyarwa.

Rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin shi ne ma'ana. Tsakanin 1971 da 1972 Maria Callas ta yi wa matasan mawaƙa darasi a makarantar Juilliard ta Amurka, an naɗi sautin, yana nan a intanet. Za ka ji mai zaƙin murya ya ɗauko baiti, ta tsayar da shi, ta mayar da shi kan kalmomin da halin wanda yake wakilta a wasan. Uwar da ta rasa ɗa ba za ta ja numfashi irin na amarya ba. Inda ka tsaya ka shaƙi iska ma yana iya gyara magana ko ya ɓata ta.

Na san wani zai ce, "Malam, mu namu baiwa ce. Shata wace makarantar waƙa ya shiga?" Gaskiya ne, baiwa daga Allah take. Amma mu tuna yadda makaɗanmu na dauri suke tasowa. Da yawansu sai sun yi shekaru suna amshi a bayan ubangida, suna koyon inda ake ɗagawa da inda ake sassautawa, kafin su ja waƙa da kansu. Dubi kuma ɗalibin tajwidi: a gaban malami yake zama, a gyara masa mafitar kowane harafi, a nuna masa inda ake waƙafi. Ashe tarbiyyar murya ba baƙuwarmu ba ce, sakinta muka yi.

Yanzu yaro yana gane yana da murya sai situdiyo. Auto-Tune ta daidaita masa kari, mu yi ta tafi. To kwamfuta tana gyara abin da aka naɗa, amma ranar biki maƙogwaronka ne zai biya bashin. Ga ƙura, ga hayaƙin janareta, ga lasifika da ake gasar ƙure ta har tsakar dare.

Ni ban ce yaranmu su koma rera waƙa kamar Italiyawa ba, Allah Ya kiyaye. Salonmu namu ne. Darasin da nake so mu ɗauka guda ɗaya ne: mutanen nan sun mayar da kula da murya sana'a mai zaman kanta, har UNESCO ta saka waƙar opera ta Italiya cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2023. Me zai hana ƙungiyoyin mawaƙanmu su haɗa tsofaffin hannu da likitocin maƙogwaro, ko sau biyu a shekara, a koya wa matasa numfashi, ɗumama murya kafin hawa dandali, da sanin lokacin yin shiru? Ladanai da malaman aji ma za su amfana.

Jiya na je duba yaron. A takarda ya rubuto min, "Kawu, in na warke ka nemo min malami." Na ce to. Sai da na fito na tsaya ina tunani: a ina zan samo shi?

Don Allah duk wanda ya san mai koyar da wannan a Arewa, ya sanar da ni a ƙasa. Ku kuma sa shi a addu'a. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.