El Anatsui Ba Mai Kwasar Shara Ba Ne

Duk sanda aka ambaci El Anatsui, sai mu ji ana cewa ai shi ne dattijon nan da ke ceton muhalli da murafun kwalabe. Mu ma mun ɗauki maganar muna yaɗawa kamar karatun allo. Wannan yabo ne da ke rage wa mutum daraja.

In dai tsabtace gari ne, 'yan jari-bola sun fi shi aiki nesa ba kusa ba, kuma ba mu taɓa jin an kira ɗayansu Benis an miƙa masa lambar Zakin Zinariya ba, kamar yadda aka yi wa Anatsui a 2015. Sarrafa tsohon kaya kuwa ba labari ba ne a wurinmu. Maƙeranmu sun daɗe suna mai da gwangwani aci-balbal, taya ta zama takalmi, tsohon tub ya zama guga.

A duba irin marfin da ya zaɓa. An haife shi a Anyako ta Ghana a 1944, ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, can ya ɗauko murafun kwalaben barasa. Ma'aikatansa suna daddaƙe su, su huda, su ɗinke da wayar jan ƙarfe har su zama kamar ƙaton zane mai ƙyalli da ke rufe bango. Barasa kuwa tana cikin hajar da Turawa suka riƙa saukewa a gaɓar Afirka ta Yamma suna karɓar mutane. Waɗanda aka kwasa su suka noma rake a tsibiran Karibiyan, da raken aka dafa giya, giyar ta dawo sayen wasu.

A 2023 ya rataye aikinsa a babban zauren Tate Modern da ke Landan, gidan da ke ɗauke da sunan Henry Tate, attajirin da ya yi kuɗinsa da sukari. Mai kallon da aka gaya wa cewa darasin zubar da shara ne zai yi tafi, ya ɗauki hoto, ya koma gida hankali kwance, ba a tambaye shi komai ba.

To su muna iya gane dalilinsu na son wannan sassauƙan bayani. Mu da aka kwashi kakanninmu, mene ne namu dalilin?