A Bar Sabon Shiga Ya Faɗi Katin da Ya Hango

Maganar wannan makon za ta kai mu nesa da gida, zuwa wani wasan kati da aka haifa a Amurka, amma ɗabi'ar da muka zo yi wa raddi kowa a cikinmu ya san ta: rufe wa sabon shiga baki da cewa bai isa ya yi sharhi ba.

Wasan shi ne Magic: The Gathering. Wani masanin lissafi mai suna Richard Garfield ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993. Wanda bai san komai ba sai karta da wot yana buƙatar ɗan bayani. A wot, kowa daga tari ɗaya yake ɗiba, abin da sa'a ta ba ka shi za ka buga. A Magic kuwa kowane ɗan wasa da daminsa yake zuwa, kati 60 ko fiye, waɗanda ya zaɓa da kansa daga cikin dubbai, kuma ban da katunan fili na asali ba a yarda ya maimaita kati ɗaya fiye da sau huɗu ba. Kowa yana farawa da maki 20 na rai, wanda nasa suka ƙare ya faɗi. Kowane kati yana da farashin da ake biya kafin a jefa shi, da wani kuɗin cikin wasa da suke kira mana. Ba "mana" ɗinmu ta "zo mana" ba ce, tasu daga katunan fili take fitowa, kuma fili ɗaya ake ajiyewa a kowane zagaye. Kenan kati mai mana ɗaya zai iya sauka tun zagayen farko, mai shida kuwa yawanci sai ya jira zagaye na shida, in har mai shi yana raye. A riƙe wannan, domin duk gardamarmu a kansa take tsaye.

Sau da yawa a shekara kamfanin yana fitar da sabon rukunin katuna. Makonni kafin ranar fitowa sai a riƙa bayyana su kaɗan-kaɗan, yau goma, gobe ashirin. Masu shaguna su buɗe karɓar kuɗi tun kaya ba su iso ba, masu sharhi kuma kowa ya fito da jerin katunan da yake ganin za su yi tashe. A nan ne wanda ya fara wasan wata uku da suka wuce yake ɗaukar alƙalami shi ma, ya ce ga biyar da suka burge shi. Kafin ya rufe baki tsofaffin hannu sun yi masa ca: yaushe ka fara? Gasa nawa ka ci? Ka bari sai ka ƙware.

Mu dai mun ce wannan tsawa ba ta da tushe, kuma tarihin wasan ne shaidarmu.

Mu ɗauki rukunin Innistrad da ya fito a ƙarshen Satumba na 2011. A cikinsa akwai Skaab Ruinator, kati daga aji mafi wuyar samu. Halitta ce mai tashi sama, ƙarfin dukanta 5, juriyarta 6, farashinta mana uku kacal. A lokacin, wanda ya biya uku ya samu halitta mai ƙarfi 3 ba a cuce shi ba, to ga mai 5, ga fukafukai. Aka yi ta kururuwa, farashinsa ya hau tun ba a buɗe fakiti ko ɗaya ba. Sai dai akwai sharaɗi a jikinsa: kafin ka jefa shi dole ka fitar da katunan halitta uku daga maƙabartarka, wato tarin katunan da suka riga suka mutu ko aka zubar. Ta ina mutum zai tara gawa uku a zagaye na uku? Kafin sharaɗin ya cika wasa ya yi nisa, arhar da ake yi wa murna ta tashi a banza. Katin bai taɓuka abin kirki a manyan gasa ba, waɗanda suka saya da wuri suka tafka asara.

A cikin wannan rukuni dai, can ƙasa a ajin gama-gari, irin katunan da ake barin su zube kan tebur bayan an buɗe fakiti, akwai Delver of Secrets. Mana ɗaya, ƙarfi 1, juriya 1. Abin da yake yi shi ne, a farkon kowane zagayenka ka leƙa katin da ke saman daminka, in ya kasance na sihirin da ake jefawa sau ɗaya ya wuce, sai ka nuna shi, Delver ya juye ya zama ƙwaro mai tashi da ƙarfi 3. Wanda ya cika daminsa da irin waɗannan katuna, sau da yawa tun zagaye na biyu yake fara sarar abokin karawa maki uku-uku ta sama. Ɗan hakin da aka raina shi ya tsone ido: damin da aka gina a kansa ya mamaye gasa a 2012, har sunan katin ya zama sunan damin, kuma ya shafe shekaru yana tashe a tsarin Legacy inda ake haɗa tsofaffin katuna masu ƙarfi. Rukuni ɗaya, launi ɗaya, ranar fitowa ɗaya. Waɗanda suka ɗaga na farkon suka wuce na biyun ba sababbin shiga ba ne kaɗai, har da masu shekaru a harkar.

Wani zai ce ai masu sharhi ne suka yi kuskure, su ba su buga katin ba tukuna. To ina waɗanda suka ƙera katin da hannunsu, suke da ma'aikatan da albashinsu na gwaji ne? A 2004 suka saki Skullclamp, wani makami da ake ɗaura wa halitta ya ƙara mata ƙarfi da ɗaya ya rage mata juriya da ɗaya, in ta mutu kuma mai ita ya ja kati biyu. Ragin juriyar nan da ido yake ɗauka aibi ne, ashe nan dukiyar take: ɗaura shi a kan ƙaramar halitta mai juriya 1, nan take ta mutu, ka ja kati biyu da mana ɗaya, ka sake ɗaura wa wata. Cikin watanni kaɗan aka haramta shi a gasar Standard. A Oktoba na 2019 aka fito da Oko, Thief of Crowns, mai mana uku, wanda ke iya mayar da duk wata halittar abokin karawa, komai tsadarta, ta koma wata irin barewa mai ƙarfi 3 marar wata baiwa. A babbar gasar da aka yi a Richmond cikin Nuwamba na wannan shekara, kusan kashi 70 cikin 100 na 'yan wasa da shi suka zo. Ranar 18 ga Nuwamba aka haramta shi, mako shida da 'yan kwanaki bayan fitowarsa, kamfanin ya amsa cewa bai auna ƙarfinsa daidai ba.

Na Nadu, Winged Wisdom ma ya fi ban takaici. Ya fito a Yuni na 2024 cikin rukunin Modern Horizons 3. Tun ana bayyana shi 'yan wasa na waje suka lura cewa in aka haɗa shi da Shuko, wani tsohon makami na 2005 da ake ɗaurawa kyauta, mutum zai yi ta kwasar kati da fili ba tare da ya biya komai ba. A gasar Amsterdam ta wannan watan, biyar daga cikin takwas na ƙarshe da Nadu suka kai, kuma da shi Simon Nielsen ya ɗauki kofi. Ranar 26 ga Agusta aka haramta shi a tsarin Modern, jagoran tsara rukunin, Michael Majors, ya rubuta da kansa cewa an sauya katin a ƙurarren lokaci kuma siffarsa ta ƙarshe ba a gwada ta ba. Na waje sun gani, na ciki ba su gani ba. To a kan wane dutse mai cewa "bari sai ka ƙware" yake tsaye? A makonnin da katin bai taɓa tebur ba, gwani da ɗan koyo rubutu ɗaya suke karantawa, layi uku ko huɗu a jikin ɗan kwali. Gwani ya fi yawan abin kwatance a ƙwaƙwalwa, ba mu musa ba. Amma wannan tarin kwatancen shi ne wani lokaci yake rufe masa ido, ya ga sabon abu ya ce ai mun taɓa ganin irinsa.

Kada sabon shiga ya ji mun kare shi ya miƙe ƙafa, domin muna da magana da shi, kuma ta fi zafi. Akasarin sharhin 'yan koyo da ake yi wa dariya ba don marubucin sabo ne yake faɗuwa ba. Yana faɗuwa ne don babu hujja a cikinsa. Mutum ya ga dodo mai fukafukai, zane ya yi kyau, lambobi manya, sai ya rubuta cewa wannan zai girgiza duniya, bai ko kalli kusurwar da aka rubuta mana bakwai ba. Wani kuma ya fi wannan lalaci: ya leƙa jerin farashin shaguna, ya kwafo biyar mafi tsada, ya sa sunansa a ƙasa. Wannan ba ra'ayinsa ba ne, na kasuwa ne, kuma farashin kafin fitowa cinikin biri a sama ne. Kayan ba su yawaita ba, zumuɗi ya yi yawa, da zarar an fara buɗe fakiti da dubbai yawancin katunan sai su sauko. Wanda ya rubuta wa mutane "ku yi maza ku saya" a wannan lokaci, da aljihun wasu yake wasa, kuma ka tuna mai gina dami guda huɗu yake saye, ba ɗaya ba.

Abin da muke nema a wurin ɗan koyo bai fi ƙarfinsa ba. Ya faɗi nawa ake biya, kuma a zagaye na nawa katin zai sauka. Ya faɗi me katin yake buƙata kafin ya yi aiki, domin wannan tambaya ita kaɗai da ta ceci masu sayen Skaab Ruinator, kuma yaron da ya iya ƙirga uku zai iya yin ta. Sannan ya tambayi kansa: in abokin karawa ya kashe halittar nan da kati mai mana biyu da zarar ta sauka, me ta bar mini? In ba ta bar komai ba, kai ka biya shida shi ya biya biyu, an ci ka riba. Shi ya sa halittun da suke yin wani abu a daidai lokacin saukarsu sukan fi waɗanda sai sun kwana suke amfani. Wanda ya rubuta waɗannan a fili, ko da hasashensa ya kuskure, mai karatu ya ga ta inda lissafin ya karkace, ya ƙaru. Wanda ya rubuta "wannan kati bala'i ne" ya tsaya, ko ya dace bai koya wa kowa komai ba.

Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Hasashe yana cikin nau'in rubutu kaɗan da lokaci yake yi wa maki a bainar jama'a. Gajeren labari ana iya shekara ana gardama a kan kyansa, kowa ya tafi da ra'ayinsa. Amma wanda ya ce kati kaza zai yi tashe, bayan wata biyu sakamakon gasa zai fito, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tsoron wannan rana ne yake sa wasu su cika rubutu da "wataƙila" da "mai yiwuwa" har ka gama karantawa ba ka san ina suka dosa ba. Irin wannan rubutu ba ya taɓa yin kuskure, domin bai ce komai ba. Mun fi girmama ɗan koyon da ya ce wannan zai yi, ga dalilina uku, wancan ba zai yi ba, ga dalilina ɗaya, ya sa kwanan wata. Shi ya sa wuyansa. Tsohon hannun da ya jira sai gasa ta ƙare sannan ya fito yana cewa ai dama a bayyane take, ba sharhi ya yi ba, labarin jiya ya karanta mana.

Akwai kuma abin da babu wanda zai iya gani daga jikin katin, sabo ko tsoho, wato maƙwabtan da zai tarar. Tarmogoyf ya fito a 2007 cikin rukunin Future Sight, halitta mai mana biyu wadda ƙarfinta yake daidai da yawan nau'o'in katunan da ke maƙabartun 'yan wasa. A farkon wasa maƙabarta wayam take, don haka ƙarfinta sifili ne, aka kalle ta aka wuce, ana sayar da ita 'yan daloli. Da aka fara bugawa sai aka ga maƙabarta tana cika da kanta: fili ya faɗa, sihiri ya faɗa, halitta ta mutu, kafin ka ankara abin mana biyu ya zama mai ƙarfi 4 ko 5. Farashinsa ya haura dala 100, ya daɗe a can. Daga baya aka yi ta sake buga shi, a 2017 kuma aka fito da Fatal Push, kati mai mana ɗaya da ke kashe shi komai girman da ya yi, sababbin halittu masu arha suka biyo baya suka sha gabansa. Ba a sauya yadda yake aiki ba ko kaɗan, amma yau ana samunsa a kan ɗan abin da bai kai rubu'in tsohon kuɗinsa ba.