Zauren Iyali: Amanar da Magabatanmu Suka Bar Mana



Duk sa'ad da muka zauna taron ƙungiya a nan Touboro, idanunmu kan faɗa kan gurabe a sahun gaba, inda a da dattawanmu amintattu suke zama. Allah Ya karɓi abinSa. Ya dace mu tambayi kanmu: mene ne haƙƙinsu a kanmu, bayan addu'ar da muke yi musu?

Mu fara da tuna irin zamanin da suka yi hidima. Dokar 19 ga Disamba 1990 ce ta sauƙaƙa kafa ƙungiyoyi a Kamaru, amma takarda ba ta zuwa da ƙafarta. Sai mutum ya bar sana'arsa ya nufi Tcholliré, hedikwatar Mayo-Rey, ko ma Garwa, a kan hanyar da damina ke lalatawa. A watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, farashin siminti da kwanon rufi da magani ya haura. Duk da haka ba su rufe asusu ba. Manomi yakan ware wani abu ranar da Sodecoton ta biya kuɗin auduga, mahauci da ɗan tireda su kawo nasu, iyayenmu mata kuma su tsakuro daga kwasar adashe. Da irin wannan taro da sisi aka rufe ajin Islamiyya, aka sayi likkafanin baƙon da ya rasu ba dangi a kusa, a garin da matafiyan Cadi da Afirka ta Tsakiya ba sa yankewa.

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa ayyukan mutum kan yanke da mutuwarsa, ban da sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. To, sadaka tana gudana ne muddin akwai mai kula da ita. Rijiyar da muka bari ta rufta, mu ne muka tsayar wa mai ita da ladan da yake samu.

Ga abin da ke damunmu. Yawancin amanar nan a ƙirjin dattawa take. Su suka san iyakar filin makaranta, su suka san wanda ya bayar da shi da shaidun da suka halarta. Kowane ɗayansu ya kwanta dama, wani shafi ya tafi da shi. Gobe magaji na iya tasowa da da'awa, zumunci ya lalace a gaban alƙali.

Saboda haka muna kira da abu uku. Mu zauna da sauran dattawan da ke raye, mu rubuta kowace kyauta da shaidunta, da Hausa da Faransanci, mu nemi takardar mallakar filayen. Mu riƙa karanta lissafin ma'aji a bainar jama'a. Sannan mu leƙa gidajen da suka bari, domin abin kunya ne maraya ya rasa kuɗin makarantar da mahaifinsa ya ɗora wa tubali.

Allah Ya jiƙansu, Ya haskaka makwancinsu, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.